Haɗa Jitar Bes Daga Kayan Gwanjo a Katsina: Nazarin Aikin Wani Mai Gyaran Rediyo

Wannan nazari ya shafi aikin da wani matashi mai gyaran rediyo da amfilifaya ya yi a gidansu da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, inda ya tattaro sassan jitar bes (wato jita mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri) na hannu daga wurare daban-daban, ya haɗa su suka zama abin kiɗa guda, sannan ya sake mata fenti da kansa. Ya fara aikin a tsakiyar hunturu, bai kammala ba sai da wani hunturun ya kewayo. Ni malamin aikin katako ne, kuma yakan zo mini da tambaya duk lokacin da abu ya cije masa, saboda haka yawancin abin da zan bayyana na gan shi da idona, sauran kuma na samo shi daga littafin da yake rubuta awonsa a ciki. Yana kaɗa bes ne a wata ƙaramar ƙungiya da ke zuwa bukukuwa, suna kuma ɗaukar waƙa a wani ɗan situdiyo, amma jitar da yake riƙewa ta aro ce, sabuwa kuwa kuɗinta ya fi ƙarfinsa tunda daga waje ake shigo da ita.

Abin da ya sa irin wannan aiki yake yiwuwa tun farko shi ne tsarin da Leo Fender ya fito da shi a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, lokacin da kamfaninsa ya fara sayar da Precision Bass a shekarar 1951. Maimakon a manne wuya da gangar jiki da gam, sai aka ɗaure su da sukurori huɗu ta baya, ta yadda idan wuya ya lalace za a kwance shi a sa wani. A 1960 kamfanin ya ƙara da Jazz Bass, wadda wuyanta ya fi siranta. Duka biyun tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne, wato santimita 86.4, faɗin gindin wuyansu kuma inci 2.5 ne, wato milimita 63.5. Masana'antu a Japan da Koriya da Indunisiya da Sin sun daɗe suna kwaikwayon wannan fasali, shi ya sa sassan suka yawaita a hannun 'yan gwanjo. Sai dai kowace masana'anta takan kauce wa awon asali da ɗan kaɗan, wani da milimita ɗaya, wani da goma, kuma a cikin wannan ɗan bambancin ne mafi yawan wahalar aikin matashin ta fito. A ido sassan sun dace da juna sarai. Tef ɗin awo ne kawai ya nuna ba haka ba ne.

Gangar jikin ya same ta ne a Kano wurin wani dillalin tsofaffin kayan kiɗa. Mai fasalin Precision ce, baƙa, ba wuya, ba tsirkiya, fentinta ya ɓantare a wurare da yawa, kuma babu sunan kowane kamfani a jikinta. Wuyan kuma wani direba ne ya zo masa da shi daga Legas, mai fasalin Jazz, mai firet 20, wato ƙananan sandunan ƙarfen da ke kwance a kan allon yatsu, faɗinsa milimita 38 a wurin ƙashin nan mai tsagi huɗu da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. Jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gangar jiki, da makullan ɗaure tsirkiya ya ciro su daga wata matacciyar bes ta abokin kiɗansa wadda wuyanta ya karye. Maɗaukin sauti kuwa, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana kai muryarsu amfilifaya, ya daɗe a cikin akwatin tarkacen shagonsa. Tsirkiya kaɗai ya saya sabuwa, kuma na goyi bayan hakan, domin dabarar da wasu ke yi ta dafa tsohuwar tsirkiya a tafasasshen ruwa tana fitar da dauɗa ta dawo da muryar na ɗan lokaci ne kawai, ba ta gyara ƙarfen da ya riga ya gaji, kuma ba a iya saita sabon haɗi da tsirkiyar da ita kanta ba ta faɗin gaskiya.

Matsala ta farko wuyan ne ya zo da ita. Ya baro Legas, garin da iskarsa ke cike da danshi, ya faɗo Katsina a watan Janairu lokacin da iska ta bushe ƙayau. Ba a jima ba katakon allon yatsun ya tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansu suka leƙo ta gefe biyu suna yankar hannu, wuyan kuma ya lanƙwashe gaba har ana gani idan aka ɗora masa miƙaƙƙiyar rula. Matashin ya so ya shiga gyara nan take, na ba shi shawara ya rataye wuyan a ɗaki na 'yan makonni, nesa da rana, yana auna shi lokaci-lokaci har sai awon ya daina canzawa. Dalili shi ne duk abin da aka daidaita a kan katakon da bai gama motsi ba, sai an sake shi. Akwai kuma wata riba a nan: hunturu shi ne lokacin da bakunan firet ke fitowa iyakar fitowarsu, don haka wanda ya goge su da magagari a wannan lokaci ya huta da su, wanda kuwa ya goge da damina zai sake ganinsu a watan Disamba.

A cikin wuyan bes akwai sandar ƙarfe mai noti a bakinta, aikinta shi ne ta ja wuyan baya ta tare jan tsirkiyoyi huɗu, wanda idan an haɗa shi ya haura kilo 70. Notin wannan wuyan ya ƙi motsi saboda tsatsa. A nan mutane da yawa ke kashe wuya mai kyau, domin sukan ɗauki alankin da ya kusa dacewa su murɗa da ƙarfi har ramin notin ya cinye. Wasu notocin awon inci gare su, wasu awon milimita, kuma na wannan wuyan milimita 4 ne. Matashin ya ɗiga masa ɗan mai ya bar shi ya kwana, ya fara sassautawa kafin ya ɗaure, sannan ya kifa wuyan a kan miƙaƙƙen katako, ya sa 'yan guntayen itace a ƙarƙashin ƙarshensa biyu, ya matse tsakiyar da ƙarfen matsi har ya miƙe, kafin ya juya notin. Ta haka sandar ba ita ce ke faman miƙar da katakon ba, riƙe shi kawai take yi a inda aka kai shi. Bai taɓa wuce rubu'in zagaye a juyi ɗaya ba.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Ƙa'idar kowace jita ita ce firet na 12 yana tsakiyar tsirkiya daidai, saboda haka nisan da ke tsakanin ƙashin da firet na 12 dole ya zama daidai da nisan da ke tsakanin firet na 12 da mazaunin tsirkiya a kan jaki, har ma da ɗan ƙari. Da ya auna wuyan ya samu santimita 43.2, abin da ya tabbatar cewa wuyan na inci 34 ne. Amma da ya zaunar da shi a gurbinsa ya ɗora jaki a kan tsofaffin ramukansa, sai ya samu santimita 41.7 kacal a ɗaya ɓangaren. Giɓin milimita 15 ke nan, kuma wannan adadi ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin firet na 20 da na 21 a irin wannan wuya, abin da ya nuna mana cewa an sassaƙa gangar jikin ne domin wuya mai firet 21, wanda gindinsa ya fi tsawo. Da an haɗa ta a haka, da tsirkiyoyin za su yi daidai idan an kaɗa su sake, amma da zarar yatsa ya fara hawa wuya sai muryar ta riƙa zarce inda ya kamata, tana ƙara kaucewa yayin da ake matsowa sama, har mai fiyano ya rasa inda zai sa kansa. Sukurorin da ke matsar da mazaunan tsirkiya ba za su iya cike wannan giɓi ba, musamman da yake tsirkiya mai kauri tana buƙatar ƙarin wasu milimitoci a kan awon asali.

Hanya biyu ce a gabansa, kuma an yi muhawara a kansu a rumfar wani tsohon kafinta da ke unguwarsu. Kafintan ya ga a sa guntun katako mai kaurin milimita 15 a ƙarshen gurbin, a turo wuyan waje, jaki da maɗaukin sauti su zauna inda masana'anta ta ajiye su. Wannan shawara tana da hujja, domin ba za a sake huda fuskar jitar ba. Matashin ya nuna masa cewa idan an turo wuyan, sukurori biyu na baya za su shiga dab da ƙarshen gindinsa, inda katako zai iya tsagewa, kuma wuyan zai ƙara rinjayar gangar jikin da dama ba ta da nauyi. Ya ce masa, "Baba, gara in matsar da jakin baya, tunda akwai fili, kuma fenti zai rufe tsofaffin ramukan." Tsohon ya sake aunawa da kansa, ya ga farantin jakin zai zauna ba tare da ya leƙa gefe ba, kuma zai ci gaba da rufe ramin da wayar at, wato wayar da ke saukar da wuta ƙasa, ke fitowa, sai ya ce, "To ɗana, amma kada ka huda komai sai ka ja zare." Ina ganin matashin ne ya fi dacewa da gaskiya a wannan gaɓa, ko da yake zaɓinsa ya ɗan nisanta maɗaukin sauti daga jaki, abin da ke ƙara wa murya kauri ya rage mata kaifi. A kiɗan biki, inda ake son bes ta cika ƙasa a ƙarƙashin kalangu da fiyano, wannan ba asara ba ce.

Jan zaren da tsohon ya ambata shi ne ya warware matsala ta gaba. Gurbin ya fi gindin wuyan faɗi da kusan milimita 2, don haka wuyan yana iya karkata dama ko hagu, kuma karkatar da ba ta kai a gani ba a gindi takan sa tsirkiyar gefe ta zame daga kan allo a can sama. Suka matse wuyan a gurbinsa, suka ja zare biyu daga tsagin farko da na ƙarshe na ƙashin zuwa mazaunai biyu na gefe a kan jaki, suka riƙa gyara zaman wuyan har tazarar kowane zare da bakin allo ta zama ɗaya. Sai a lokacin aka yi alama. Giɓin gefe aka cike shi da siraran ɓallin maɗaci da aka manne a bangon gurbin, na gefe ɗaya ya ɗan fi kauri kamar yadda zaren ya nuna. Tsofaffin ramukan gindin wuya da na jaki aka toshe su da turakun maɗaci da farin gam na kafinta, ba da tsinken ashana ba, aka bar su suka bushe. Wajen sake hudawa ya naɗa salatif a bakin abin hudar domin ya san iyakar zurfi, kada ya ɓullo ta allon yatsu, kuma ya shafa wa kowane sukuru kyandir kafin ya ɗaure. Daga nan ya haɗa jitar gaba ɗaya da tsohon fentinta, ya sa tsirkiya, ya kaɗa ta na wani lokaci, ya tabbatar komai ya zauna, sannan ya sake kwance ta. Wannan mataki ne na fi yaba masa a duk aikin, domin duk wata huda da sassaƙa ta ƙare kafin a taɓa gwangwanin fenti.

Burinsa na farko shi ne ya kankare baƙin fentin ya bar katakon a fili da man sheƙi kawai. Fentin da ke kan irin waɗannan jitoci masu araha yawanci foliyesta ne, mai kauri da tauri, wanda tina ba ta narka shi, samfefa kuma sai ta gaji ba ta kai ƙasa ba. Ya yi amfani da na'urar hura zafi ta shagonsa da wuƙar kankara a bayan gangar jikin, fentin yana tsagewa yana tashi ɓalli-ɓalli. Da katakon ya bayyana sai aka ga guntaye ne da yawa aka manna, launinsu bai zo ɗaya ba, ga tsohon foti a wasu wurare, kuma itacen fari ne mai laushi wanda farce ke shiga. Araha ba ta ado. Baƙin fentin dama an sa shi ne don ya rufe wannan. Sai ya dakata, ya fasa kankare fuskar. Tsohon foliyesta da bai ɗago ba shimfiɗa ce mai kyau ga sabon fenti, domin ya riga ya toshe ƙofofin katako kuma ba ya motsi. Abin da ya yi shi ne ya kashe sheƙinsa da samfefa mai lamba 220 sannan 320, yana naɗe ta a kan guntun katako don kada yatsu su yi kwari, ya cike ɓantarewar da fotin masu gyaran mota, bayan gangar jikin kuma, inda ya riga ya kankare, ya sha aikin shafe-shafe da gugar da ba don kankarar ba da bai taso ba.

Amfani da fentin mota a kan jita ba ƙasƙanci ba ne. Kamfanin Fender kansa, a shekarun 1950 da 1960, fentin motoci na DuPont yake fesa wa jitocinsa masu launi na musamman. Wani mai fentin mota ya yi masa tayin fesa masa irin na zamani mai haɗin hadina, wato sinadarin da ke taurara fenti, wanda ke bushewa da wuri ya yi tauri ƙwarai. Na hana shi kawo wannan cikin gida, saboda hadinar tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai haddasa ciwon fuka, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, ga yara suna kai da kawo a tsakar gida. Ya zaɓi fentin gwangwani na fesawa, shuɗi mai duhu, tare da na share fage da na sheƙi, ya kuma nemo abin rufe hanci mai matatar gawayi. Kafin ya taɓa jitar ya gwada ukun a kan wani guntun katako, ɗaya bisa ɗaya, domin wasu fentin idan aka ɗora su a kan wasu sai na ƙasa ya yamutse ya tattare.

Duk da wannan kiyayewa, fesawar farko ta lalace, kuma lokaci ne ya jawo. Hidimar shago ta riƙe shi har damina ta yi nisa, ya zo ya fesa a watan Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a Katsina, da safe bayan an kwana ana ruwa. Cikin 'yan mintoci shuɗin ya yi hazo fari-fari, musamman a gefuna. Yadda abin yake faruwa shi ne ruwan da ke tsinka fentin yana tashi da sauri, tashinsa yana sanyaya fuskar, danshin iska ya taru a kanta, fentin ya bushe ya rufe shi a ciki. A kan launi mai duhu ba ya ɓoyuwa. Ya tambaye ni ko ya ƙara wani a kai ya rufe, na ce ya bari. Shekarar Katsina ba ta ba mai fesa fenti a gida fili mai yawa: da damina ga danshi, da hunturu ga ƙurar da ke shiga ko'ina, da bazara kuma, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya bar fuska mai gurza-gurza. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba zuwa kafin ƙura ta sauko.

Ya jira har tsakiyar Oktoba. Ya goge hazon da samfefa mai lamba 400, ya share soron gidan, ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya rataya tsohon zani a ƙofa, ya kuma zaɓi hantsi bayan an sauke girkin safe, tunda tururin fentin yana kama wuta. Ya ɗaure wata sanda a gurbin wuya da sukurori biyu ta zama mariƙi, ya rufe cikin gurbin da salatif don kada kaurin fenti ya ɓata zaman da aka sha wahala a kansa. Yana riƙe gwangwanin kamar santimita 20 zuwa 25 daga jikin, yana fara fesawa kafin ya iso katakon, ba ya saki sai ya wuce shi, kowane layi yana hawa rabin na baya. Shafi uku marasa kauri a rana, da tazara a tsakaninsu. Inda fenti ya zubo a ƙahon sama bai taɓa shi da ɗanye ba, sai washegari ya shafe shi da samfefa. Bayan na sheƙi ya hau, ya rataye ta a ɗaki kusan wata guda. Wannan jiran ya fi komai yi masa wuya, domin a ido ta bushe tun rana ta biyu, alhali ƙasan fentin da sauran laushi. Gwajin da ya riƙa yi shi ne ya shinshina, ya kuma danna farce a wurin da farantin roba na fuskar jitar zai rufe. Muddin akwai wari ko farce ya bar alama, da saura. Da ta yi, ya goge da samfefar ruwa daga lamba 800 zuwa 1000 da 1500 da 2000, yana kiyaye kada ruwa ya shiga ramukan sukurori ya kumbura katako ya tsaga fentin, yana kuma sassauta hannu a gefuna inda fenti ya fi siranta. Man goge mota da tsohuwar singileti suka fito da sheƙin.

Ɓangaren wuta shi ne sana'arsa, don haka bai ɗauke shi lokaci ba. Maɗaukin sauti irin na Precision gida biyu ne tun daga 1957, kowanne yana ƙarƙashin tsirkiya biyu, naɗin wayarsu da fuskar maganaɗisunsu suna saɓa wa juna, ta yadda gurnanin wutar lantarki da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai soke shi, muryar tsirkiya kuma ta wuce. Lafiyayye yakan nuna wajen kilo'om 10 zuwa 11 a mitar awon wuta. Nasa bai nuna komai ba, da ya duba da madubin ƙara girma sai ya ga siririyar wayar naɗin, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, ta tsinke a daidai inda aka liƙa ta. Ya warware zagaye ɗaya, ya kankare rufinta a hankali, ya sake liƙawa da dalma. Ya sa bolum biyu masu kilo'om 250, ɗaya na ƙara ɗaya na murya, da kafasita mai lamba 473. Irin bolum ɗin rediyo masu kilo'om 10 ko 50 da suka cika shagonsa ba su dace ba, domin suna shaƙe muryar. Ya shimfiɗa takardar alminiyam a bayan farantin roba ya haɗa ta da jikin bolum, ya kuma kankare ƙasan jaki inda wayar at za ta taɓa.

A gwajin farko a gida tsirkiyoyin sun ɗan ja shi da wuta. Wannan ba laifin jitar ba ne, kuma abu ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jaki, jaki da wayar at, ita kuma da jikin amfilifaya, saboda haka duk wutar da ta zurara a jikin amfilifayar da ba ta da hanyar sauka ƙasa, ta hannun makaɗi za ta bi. Soket ɗin ɗakinsa ba shi da at, filogin amfilifayar ma an karye masa ƙafa ta uku. Wani ya ba shi shawara ya cire wayar da ke ƙarƙashin jaki, ya ƙi, domin hakan zai dawo da ƙara kuma ya bar ainihin cutar a jak, wato wurin da ake soka wayar amfilifaya, da sauran ƙarafan. Ya canza filogin, ya kira mai aikin wuta ya kafa ƙarfen at a ƙasa ya ja waya zuwa soket ɗin. Gurnanin ma ya ragu sosai. Wannan yana da muhimmanci ga bes fiye da sauran kayan kiɗa, domin wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, muryar G da ke firet na uku a kan tsirkiya mafi kauri kuwa sau 49, don haka idan gurnanin ya yi yawa sai su riƙa gogayya, a ji muryar tana rawa.

Saiti na ƙarshe ya bi shi daki-daki, domin kowane mataki yana shafar na gaba. Ya fara da daidaita tsayin firet: ya shafa musu tawadar alƙalamin maka, ya bi su da miƙaƙƙen alminiyam da aka manna wa samfefa har makar ta goge a kan kowanne, sannan ya sake zagaye kawunansu. Ya ɗaura tsirkiyoyin, masu lambar kauri 45 zuwa 105, ya kai su muryoyinsu na E da A da D da G da manhajar saiti ta waya. Ya danne firet na farko da na ƙarshe ya duba tazarar da ke ƙarƙashin tsirkiya a firet na 8, ya juya sandar wuya har ta zama kamar milimita 0.3. Ya sa tsayin tsirkiya a firet na 17 wajen milimita 2.4, kuma don mazaunan su kai nan ba tare da sun kwanta ƙasa ba sai da ya sa siririn ɓalli a ƙarshen gurbin wuya. Daga nan ya kwatanta muryar kowace tsirkiya a sake da muryarta a firet na 12. Inda ta zarce ya ja mazaunin baya, inda ta gaza ya turo shi gaba. Dukkan huɗun sun zauna da sauran fili a sukurorinsu, abin da ya tabbatar da cewa matsar da jakin ya faɗa inda ya kamata.

Jitar ta shiga aiki a watan Disamba, an yi bukukuwa da ita, an kuma ɗauki waƙoƙi da ita a situdiyo ba tare da mai ɗaukar sauti ya koka da gurnani ba. Da damina ta dawo allon yatsun ya sha danshi, wuyan ya koma baya, tsirkiyoyin suka fara karkarwa a firet na farko-farko, ya sassauta sandar da rubu'in zagaye abin ya wuce. Da hunturu kuma ya mayar. A Katsina wannan gyara ne na kowace shekara sau biyu. Fentin gwangwanin bai kai foliyesta tauri ba, ya riga ya samu tabo inda maɓallin bel ke gogarsa, kuma a bayan, wurin da aka kankare, layin haɗin katako ɗaya ya fara nunawa a ƙarƙashin shuɗin idan haske ya faɗo a karkace, alhali fuskar da aka bar wa tsohon fentinta tana nan sumul. Akwai kuma murya ɗaya a wajen firet na 6 zuwa 7 a kan tsirkiyar G da ke mutuwa da wuri, lahani ne sananne a wuyoyi masu wannan fasali, kuma saiti bai kawar da shi ba. Kan jitar yana rinjaya ƙasa idan aka sake ta, saboda gangar jikin ba ta da nauyi, makullan kuma manya ne. Ya rage wannan da faffaɗan maratayin fata da wani baduku ya ɗinka masa, mai kaushi ta ciki don ya kama kafaɗa. Yana neman makullai marasa nauyi na hannu, amma waɗanda ya samu zuwa yanzu ba su dace da ramukan kan wuyan ba, kuma ya ƙi yarda a taɓa ramukan.